Wa Ya Wanke Mazurarin Sixten?

Safiyar Lahadi aka tsinci Sixten Bäckman a kwanar da ke bayan maƙabartar Granmo, kwance a gindin katangar duwatsu, hular kwanonsa ta tsage. Baƙin babur ɗinsa, wanda ya girmi rabin mutanen garin, yana can gefe cikin ciyawa. Direban motar madara ne ya fara ganinsa, ya ce ko da ya taɓa shi babu rai.

'Yan sanda sun ɗauka barewa ce ta gifta masa, shi ya sa suka kira ƙanena Helmer. Aikinsa ke nan. In mota ta buge dabba ta tsere daji da rauni, shi ke bin sawunta da karyarsa Tuva ya hutar da ita. Ni nake tuƙa shi tun da mijina ya rasu, domin mutumin da kullum idonsa ke ƙasa ba a ba shi sitiyari. Sunana Majken. Matar mamacin, Gunvor, benci ɗaya muka zauna da ita a makaranta, shi ya sa har yau in na tuna wannan makon sai abinci ya fita daga raina.

Helmer ya bi gefen titin yana tafe a sunkuye, karyar tana binsa. Da ya dawo sai ya ce wa Sifeto Lindell, matar da aka turo daga birni, "Babu wata barewa. Ga inda tayar baya ta tsaya cak, ta ja baƙin layi har katanga. Ko birki bai taka ba. Injin ne ya cije masa."

Aka kira Ebbe bakanike, ya kwance murfin tankin mai ya zura sanda. Abin da ya biyo sandar ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Kafin a tashi daga coci maganar ta zaga gari: an zuba wa Sixten wani abu a tanki.

Ba a sha wahalar neman wanda za a ɗora wa ba. Ɗan Sixten da Gunvor ɗaya tilo, Rune, ya zo hutu daga birni, kuma ranar Asabar a gaban mutane ya ce wa ubansa, "Babur ɗin nan ba zai ƙara hawa titi ba, ko da ni zan lalata shi da hannuna." Da yammacin ranar, uwarsa da idonta ta gan shi yana fitowa daga rumfar babur. Da aka tambaye ta ta faɗa, sannan ta rufe masa ƙofar gida. Sifeto ta ce albarkacin makoki za ta bar shi a gari har a binne uban, daga nan ta tafi da shi.

"Na riƙe yaron nan yana cikin zanen goyo," na ce wa Helmer. "Ka dubi ƙasa ka gaya mini abin da ta ce, tunda ba ka iya komai ba sai shi."

* * *

Garejin Ebbe muka fara zuwa, domin akwai masu raɗa cewa shi ya canza wa Sixten man giya a makon, wataƙila ya sa wanda bai dace ba.

"Ni?" in ji Ebbe, idonsa jawur. "In kashe Sixten, wa zai riƙa zuwa yana koya mini aikina kyauta?" Ya jawo giyabos ɗin babur ɗin da ya riga ya kwance. "Zura yatsa ka ji, Helmer. Irin man dā na sa masa, wanda ba a ƙara wa komai ba. Na zamanin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cinye tagullar tsohon giyabos yake yi. Ka duba haƙoran nan, ko ƙwarzane babu."

Helmer ya zura yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya gyaɗa kai.

"Ɓarnar a tankin man inji take," Ebbe ya ci gaba. "Tun Sixten yana saurayi yana tseren babur ba ya sa komai sai man zurma. In ya wuce ka sai ka rantse wata ce ke suya. To man zurma ba ya haɗa kwano da kowa. Ka zuba masa man zamani a kai, da sun ɗauki zafi sai su dunƙule su toshe bututu, inji ya bushe ya cije. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi."

"Ba zai yiwu kuskure ba ne?" na ce.

"Haba, Majken. Ko yaron goye ya san wannan a Granmo."

Na haura saba'in a Granmo, amma ranar na fara ji. Mazan garinmu duk Asabar suna nan a garejin Ebbe suna musu a kan mai, wannan ya ce mai kauri, wancan ya ce mai ruwa-ruwa, har jijiyar wuya ta tashi. Amma da mace ta shigo da gahawa sai su yi tsit kamar an kama su suna batsa. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, ya riga ni.

"Kuma don Allah kar ki kai wa Gunvor zancen inji. Mun ce mata an zuba wani abu, ya ishe ta. Ta ji da abin da ke damunta."

* * *

Rune ya kama ɗaki a bakin tafki. Mun same shi zaune a kan kifaffen kwalekwale, gemu ya fito masa, rigar da ya sa tun ranar Lahadi ita ce a jikinsa.

"Na shiga rumfar," ya ce, tun kafin a tambaye shi. "Da filaya a hannuna na shiga, zan yanke wayar fulogi."

"Don me?" in ji Helmer.

"Baba ya fara mantuwa, Helmer. Kwanaki ya tafi sayen burodi a kan babur, ya dawo a ƙafa, ya rantse an sace masa shi. Mama ce ke rufa masa asiri, ta bi bayansa tana kashe murhu, tana ɗebo makullai daga cikin firji. Na ce mu kai shi asibiti, ta ce in bar mata mijinta da mutuncinsa."

"Ka yanke wayar?"

"Na kasa. Na zauna a kan akwati ina kallon babur ɗin, na tashi na fita."

"Tankin mai fa?"

Ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Ina ɗan firamare ya mare ni don kawai na kusanci babur ɗin da jarkar man mota. Ka ga na san abin da haɗin nan yake yi. Shi ya sa ba mai yarda da ni." Ya juyo gare ni. "Majken, Mama tana cin abinci kuwa?"

Na ce masa tana ci. Ƙarya nake, kuma ya sani.

Helmer ya ce ya ɗaga masa ƙasan takalminsa. Ya duba na ɗan lokaci, ya yi masa godiya, muka tafi.

* * *

Gunvor ta ba mu makullin rumfar ba tare da ta tambayi dalili ba. Ta rame, fuskarta duk ta zube. Ta ce za ta ɗora gahawa.

Rumfar Sixten dai ba wurin mace ba ce. Tun ranar aurensu ya gindaya mata sharaɗi, gida nata, rumfa tasa, kuma ta kiyaye. Ciki baƙi ƙirin yake, duk abin da ka taɓa sai ya manne maka a hannu, don haka man zurma yake in ya tsufa. Helmer ya hana ni wuce bakin ƙofa. Ya tsuguna ya nuna mini sawun Rune a cikin ƙura: daga ƙofa zuwa akwati, daga akwati zuwa ƙofa. Bai je gefen da tankin yake ba.

"Shi ke nan, an gama!" na ce.

"Ba a gama ba. Sifeto za ta ce ya dawo daga baya, kuma 'yan sanda sun tattake wancan gefen kamar garken shanu."

Ya girgiza jarkar man zurma da ke kan kanta, babu komai a ciki. Sai ya tsaya yana kallon bango, inda aka jera kayan aiki a kan ƙusoshi. Sifana baƙa, filaya baƙa, guduma baƙa. A tsakiyarsu wani mazurari yana sheƙi kamar yau aka sayo shi. Ya sauke shi ya kai hanci, sannan ya miƙo mini.

"Ƙamshin me kika ji?"

"Sabulun wanke-wanke. Mai lemon tsami."

Ya nuna wa Tuva wani ɗigon mai a bakin ƙofa, ta shinshina, ta sa hanci a ƙasa ta bi tsakuwar tsakar gida. Ba a yi ruwa ba a makon, ɗigon yana nan, nan ɗaya can ɗaya, garai-garai kamar zuma. Na ɗauka titi za ta nufa. Sai ta bi ta ƙarƙashin itacen tuffa ta tsaya a ƙofar kicin, tana kaɗa wutsiya.

Muka sha gahawar. Gunvor ta yanka mana burodin kirfa, ita ba ta taɓa ba.

"Kar ku kawo mini sunansa," ta ce, ko da yake ba wanda ya kawo. "Ni na haife shi, ni kuma na gan shi. Yashi ya zuba ko sukari, shi ya sani. Mutumin nan bai rage da komai ba sai babur ɗin, Majken. In ya hau shi ne kawai yake komawa Sixten ɗin da na aura."

Helmer yana ta kallon kwandon kwanukan da ke gefen famfo.

* * *

Da muka yi nisa a mota sai Helmer ya juyo gare ni.

"Tsaya a nan."

Na tsaya.

"Mazurarin nan ya fi Rune shekaru, ruwa bai taɓa taɓa shi ba. Ba namijin da ke wanke mazurari da sabulu a garin nan, da tsumma suke shafewa, in ma sun shafe. Kuma mai mugun nufi ba ya ɗaukar mazurari ya kai kicin ya wanke, ya busar, ya mayar a ƙusarsa. Gunvor ta ga jarkarsa ta ƙare, ta ga tanki ya yi ƙasa, shi kuma ya manta. Sai ta yi abin da ta saba, ta rufa masa asiri."

Na kife kaina a kan sitiyari na yi kuka kamar yarinya. Da na ɗago sai na huce a kansa, don shi ke kusa.

"To ka haɗiye! Ka ji ko? Matar nan ta rasa miji, kai kuma za ka je ka ce mata ita ta kashe shi? Kashe ta za ka yi."

"Rune fa?"

"Ka ce wa Sifeto sawunsa bai kai wurin ba."

"Ko ta sake shi, garin nan ba zai sake shi ba. Uwarsa ma haka za ta mutu tana ganin ɗanta ya kashe ubansa." Ya share fuska da hularsa. "Ki bari a binne shi tukuna. In an watse zan same ta ita kaɗai, ke kina riƙe da hannunta."

Ban taɓa jin haushin gwanintarsa ba sai ranar.

* * *

An binne Sixten ranar Juma'a. Abokansa suka raka gawar a kan tsofaffin baburansu, suka ɗauki akwatin gawar su da kansu, don Gunvor ta ce kar Rune ya sa hannu. Yana can baya a tsaye, Sifeto Lindell tana nesa kaɗan da shi, kowa ya san abin da take jira.

A zauren coci aka yi shan gahawa kamar yadda aka saba. Rune ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, bai nemi kujera ba. Ebbe kuwa ya ɗan kurɓi wani abu tun a maƙabarta, kuma baƙin ciki ya cika shi. Sai kawai ya miƙe ya fuskanci Rune.

"Kai, ba ka da kunya? Ubanka ya koya maka da bakinsa, ka je ka juye masa man zamani a kan man zurma, yanzu ka zo cin burodin mutuwarsa?"

Na ga Gunvor ta ajiye kofinta a hankali.

"Ebbe, me ka ce an zuba?"

Helmer ya riga kowa miƙewa. Ya kama ta da hannu ɗaya, ya yafito Rune da Ebbe da Sifeto, ya tura mu duka cikin kicin ɗin zauren ya rufe ƙofa. Mu shida ne a tsakanin tukwane, ba wurin zama sai kujera ɗaya, na zaunar da Gunvor a kai.

"Na tambaye ka, Ebbe," ta ce. "Ba yashi ba ne?"

Ebbe ya dubi Helmer, ya dubi ƙasa. Giyar ta sake shi nan take. "Mai ne, Gunvor. Man inji. Sai dai ba a haɗa shi da man zurma, toshewa yake yi."

"Ko mai kyau ne?"

"Ko wane iri ne."

"Ko wanda ya fi kowanne tsada? Na ce wa mai gidan man a birni tsohon babur ne, ya ba ni mafi kyau da yake da shi. Ya ce babu irinsa." Tana magana tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda zai ce mata ba haka ba ne. "Ai mai mai ne. Ba wanda ya taɓa ce mini..."

Rune ya gane kafin ta ƙarasa. Ya matso ya tsaya tsakaninta da Sifeto.

"Ni na zuba," ya ce. "Ki rubuta, ni ne. Mama ba ta taɓa shiga rumfar nan ba, kowa ya sani. Mu tafi."

"Sawunka bai kai wurin tanki ba, Rune," in ji Helmer a hankali. "Kuma ba kai ka wanke mazurarin ba."

"Wa ya tambaye ka? Na ce ni ne!"

"Yi mini shiru," in ji Gunvor. Ta kamo gefen rigarsa ta ja shi baya, kamar yadda take yi masa yana ƙarami in zai tsallaka titi. "Jarkar tana ƙarƙashin famfon kicin, a bayan bokiti. Na ɓoye ne kar ya gani ya ji kunya. Da ya kwanta baccin rana na shiga na cika masa." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Na hana ka ɗaukar ubanka. Na tsaya a gaban matar nan na ba da shaida a kanka."

"Mama, bari."

"Na hana ka ɗaukar ubanka, Rune."

Ebbe ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Ban tausaya masa ba a lokacin. Duk tsawon shekarun nan Gunvor tana kai musu gahawa gareji, da a ce ko sau ɗaya sun ci gaba da musunsu a gabanta, da Sixten yana raye.

Sifeto Lindell ta rufe bironta ta sa a aljihu. Ta ce wa Rune ba ta da sauran magana da shi, ta ce wa Gunvor za ta zo gida wani lokaci ta karɓi jarkar, ba gaggawa. Ta kama ƙofa za ta fita, sai ta tsaya.

"Abu ɗaya kawai, don in cike bayani. Shi marigayin ya san kin ƙara masa mai?"

Gunvor ta girgiza kai.

"Da safe na fito ina shanya, ya turo babur ɗin tsakar gida. Ya kwance murfin ya leƙa, ya ga man ya cika har wuya. Sai ya juyo yana dariya, ya ce, 'Kin gani ko, Gunvor? Ku ce wai na fara mantuwa.' Na ce masa, 'Ai ni ban taɓa cewa ba.' Ya ɗaga mini hannu ya tafi."

Rune ya durƙusa a gabanta ya kwantar da kansa a kan cinyarta, ita kuma ta ɗora hannu a kansa.